Illo Maƙeri da Farfelar Motar Soja

Illo maƙeri ne a Sabon Birni, kamar ubansa. Shekarar da na komo daga karatu a Zariya na same shi inda na bar shi, gindin durumi, yana ƙera gatura da sungumai na shuka. Mutum ne marar yawan magana, sai dai idan taubashinsa Atiku ya zo, to ranar unguwa za ta sha dariya.

Atiku ya yi yaƙin Bama. Da aka sallame shi ya samo tsohuwar motar soja, yana jigilar hatsi da fatu tsakanin Isa da Sabon Birni. Ana gab da faɗuwar damina, wata rana yana tsallake busasshen gulbi, cikin motar ya daki wani kututture da rairayi ya rufe. Farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafafun baya, ta lanƙwashe. Mota ta tsaya a tsakiyar gulbi, ga shi kowa ya san da zarar an yi ruwa a wajen Zamfara, gulbin zai kawo, ya tafi da duk abin da ya tarar.

Atiku ya zo maƙera da gumi. "Taubashi, ka iya ƙarfe ko sai fartanyar tsofaffi?"

"Ƙarfen da ya ƙi ni ba a haƙo shi ba tukuna, ɗan Bama," in ji Illo. "Za ni in gani."

Ya ɗora uwar maƙera da zugazugi da gawayi a kan jakai, har da sunguman mutane da ke jiran gyara, ya kafa maƙera a rairayi kusa da motar. Na bi su don in ga yadda za a yi. Aka kwance farfelar, aka gasa wurin da ya lanƙwashe har ya yi ja, Illo ya dinga bugu yana mirgina ta yana duba da ido ɗaya, har ta miƙe sumul. Daga nan ya yi abin da ake yi wa kowane gatari: ya kwara mata ruwan tulu don ta yi tauri. Ba wanda ya hana shi, domin a wurinmu haka ake gama ƙira.

Aka ɗaura, Atiku ya tayar da mota. Ta matsa kaɗan, sai muka ji ƙas! Farfela ta tsage daidai wurin gyaran. Taurin da ke wa gatari amfani shi ya sa ta kasa jure murɗa.

"Mi ka yi mata?" Atiku ya tambaya, ba wasa a muryarsa.

Illo ya tsuguna ya shafa tsagar. "Abin da na sani na yi mata."

Da la'asar aka yi ruwan farko. Washegari kowa zai nufi gona shuka, ba mai lokacin motar wani. Mutane suka yi ta zuwa gindin durumi neman sungumansu, sai Habi matar Illo ta faɗa musu saƙonsa: "Ya ce mai son sunguminai shi iske shi gulbi."

Suka zo suna mita. Illo ya zauna a kan tarin sungumai a bakin gaɓa, ya nuna igiyoyin rijiya da ya ƙulla wa motar. "Ni na ɓata, ba Atiku ba. Ku kama mini, kowa shi ɗauki nashi."

"Wato garkuwa ka yi da mu, Baba Illo?" wani ya ce. Aka yi dariya, aka kama. Wasu makiyaya da ke wucewa suka ba da bijimai. Ana ja, ana shimfiɗa zana da kara a ƙarƙashin ƙafafu, mota na nutsewa tana fita. Tana gab da gaɓa aka hango ruwa tafe, ja wur, da kumfa da itatuwa. Ba wanda ya saki igiya, har Illo. Motar ta hau tudu, ruwa yana lasar ƙafafunta na baya.

Sai a lokacin aka waiwaya. Maƙerar tana can tsakiya. Zugazugi ya yi iyo ya wuce, uwar maƙera kuwa, wadda Illo ya gada daga ubansa, rairayi ya binne ta.

Atiku ya samo wata farfelar daga jikin wata matacciyar mota a Gusau, raƙumi ya kawo ta, su biyu suka ɗaura. Illo bai yarda ta kusanci wuta ba. Daminar nan duka a kan wani baƙin dutse ya yi wa mutane ƙira. Da ruwa ya janye, shi da Atiku suka yi ta tonon rairayi da sanduna, ba su sami uwar maƙerar ba.