Zuwa Funtua Don Jin Ciwon Motar Malam Sabo

Kusfa

Ƙarfe shida saura kwata muka fito daga lungun gidan Malam Sabo, sufeton makarantu, a unguwar Kusfa, ana ta fitowa daga masallaci. Shi ke tuƙi, ni bakanikensa ina gefe, yayarsa Hajiya Lami tana baya, za ta je barkar haihuwar 'yarta.

Sati uku ke nan motar tana mutu masa a hanya, har ya fasa rangadi biyu. Amma duk ranar da ya kawo ta garejina sai ta tashi lafiya lau. Wani bakanike ya ce sai an sauke inji. Na roƙe shi kada a taɓa ta sai na bi shi na ji da kunnena.

Shika

Shida da rabi 'yan sanda suka tsayar da mu a shinge, suka duba takardu, suka sallame mu. Daga nan na fara yi masa tambayoyi. Da sanyin safiya take yi ko sai ta ɗau zafi? Ina yake shan mai? Hayaƙin baƙi ne ko fari? Ya ce babu hayaƙi, kuma a cikin gari ba ta taɓa yi ba, sai an yi nisa. In ta huta sai ta tashi.

Giwa

Bakwai da minti biyar ta fara shessheƙa, ƙarfinta ya ragu, ta mutu gab da rumfar wani mai shayi. Na duba fulogi da kafireta, ban ga laifinsu ba. Muka zauna muka sha shayi da burodi, naira biyu. Na sake tambayar Malam ko an canza wani abu a motar kafin ta fara. Ya ce sam.

Hajiya ta ajiye kofinta. "Sabo, ka manta ranar da ka bar murfin tanki a gidan mai, ka sayi wani a bakin kasuwa? Ina cikin motar."

"Yaya, murfi kuma me zai yi wa inji?"

Na tashi na murɗe shi. Tankin ya ja iska fuu, har mai shayi ya waiwayo. Murfin ba shi da hujin numfashi, shi ya sa in an yi nisa mai yake daina gangarowa. Na ari ƙusa na huda shi.

Funtua

Takwas da kwata muka isa gidan 'yar Hajiya, motar ko tari ba ta yi ba. Aka kawo mana waina da miyar taushe. Hajiya ta ba kowa labarin murfi, Malam yana sunkuyar da kai yana dariya.

Gida

Bayan la'asar muka juyo, kilomita saba'in da wani abu ba tsayawa. Kafin magariba ya sauke ni a ƙofar gidanmu, ya ce jibi zai fita rangadinsa. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, sannan ga Hajiya Lami, wadda ban yi tunanin tambaya ba.