Manhajar da ta ɓatar da Gwaggo a Madina

Mun tashi daga Kano ana kiran assalatu, mu goma sha ɗaya za mu Umra, ni kuwa sai cika baki nake. Manhajar waya na rubuta wa ayarinmu, har da taswira da hotuna da bidiyon maraba. Da muka sauka a masauki a Madina aka miƙo mana katin adireshi, na ce kowa ya bar shi, ai komai na cikin waya. Gwaggona ma ta ajiye nata.

Madina akwai natsuwa. Tituna shimfiɗaɗɗu, shayi da na'ana'a ko'ina, dabinon ajwa kuwa na taya sau ɗaya na kama bakina.

Washegari bayan azahar cunkoso ya raba Gwaggo da matan ayarinmu a ƙofar Harami. Ga ciwon suga, ga shi ba ta ci komai ba. Har la'asar muna zagaye, na kira ta ya fi sau ashirin, ashe layinta ba ya aiki a can. Gab da magariba wata Bahaushiya 'yar unguwar Harra ta Gabas a nan Madina ta shigo da ita, bayan sun bi masaukai ɗaya bayan ɗaya. Matar ta miƙo min wayar Gwaggo ta ce da Hausarta mai gauraye da Larabci, "Ya waladi, jawwal ɗin nan juyi kawai yake." Na duba. Manhajata ba ta nuna adireshi sai ta gama sauke bidiyon maraba, bidiyon kuma sai da intanet. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Ranar ziyarar masallacin Ƙuba, wani dattijo ɗan ƙasarmu, malamin injiniya, ya kai mu gidansa a unguwar Ƙurban cin kabsa, shinkafarsu da nama. Da ya ji labarin sai ya ce, "Ɗana, na'urar da ta sauke mutane a kan wata, agogon hannunka ya fi ta ƙwaƙwalwa. Amma idan aiki ya yi mata yawa, sai ta zubar da ƙananan ayyuka ta riƙe wanda rai ke kansa. Masu rubuta manhajarta sun fara da tambayar me zai faru idan komai ya lalace. Kai da me ka fara?" Da launin shafin farko na fara.

Mun dawo gida lafiya. Na cire bidiyon, yanzu adireshi ne ke fara fitowa ko babu intanet, kuma na koyi fara rubutu daga ranar da abu zai ƙi aiki. Amma jiya na je gaishe da Gwaggo, na tarar tana ba maƙwabta labari. "Yaron nan ya yi ƙoƙarinsa," in ji ta, "ni ce dai ban iya latsawa ba."