Bugu Uku a Kan Tankin Tarakta

Har yau in na ji warin dizal ya haɗu da ƙanshin ruwan sama, sai tsikar jikina ta tashi. Kada ku yi mini dariya. Ni na san abin da kunnena ya ji a tsakar gidanmu na unguwar Mahjar a Jidda, lokacin ban fi shekara tara ba.

Kakana namiji, wanda muke kira Jaddi kamar yadda yaran unguwa ke kiran nasu, direban tarakta ne a gonar kafilinsa, mutumin da ya tsaya masa a takardun zama, can cikin kwari a kudancin Jidda. Da shita ta kama, wato hunturunmu na nan mai zuwa da ruwa, ambaliya kan share kwarin, don haka yakan tuƙo taraktar ya ajiye a gidanmu har wata huɗu. Ajiyar kuwa ba ta wasa ba ce. Ya wanke ta, ya ɗora ta kan katako don kada tayoyi su gaji, ya cire batir ya kai ɗaki, ya kifa gwangwanin madara a bakin salansa. Sannan kowace Juma'a bayan la'asar yakan je ya ƙwanƙwasa tankin da zoben azurfarsa sau uku, ya karkata kai yana saurare, ya gyaɗa kai ya wuce. Mu yara mun ɗauka sallama yake yi wa aljanun ciki.

A waccan shekarar, mako biyu da ajiye ta, Jaddi ya rasu. Ɗan kafili ya zo ta'aziyya, bai ko shanye gahawarsa ba ya faɗi abin da ya kawo shi. In shita ta wuce zai dawo. Taraktar ta tashi, Baba ya gaji aikin, kafala ta ci gaba. Ba ta tashi ba, halas, zance ya ƙare, a sayar wa masu ƙarfe, mu nemi wani kafilin. Iƙamar mutum takwas ce, wato izinin zamansu a ƙasar, a rataye jikin wannan ƙarfen, ga Baba a Jidda aka haife shi, bai san Najeriya ba sai a bangon fasfo.

Baba ya iya tuƙi, amma bai taɓa ajiye inji ba, kuma mutum ne da ba ya tambaya. Ya duba ya ga tanki cike da mai a gidan da yara ke wasa, mata na hura gawayi, sai ya sa tiyo ya zuƙe man tas. A ganinsa ya yi dabara. Kaka, matar Jaddi, tana ɗaki tana takaba, ba ta ma san an yi ba.

Juma'ar farko bayan an zuƙe man, rana na nan tarwai a kan katanga, muka ji. Ƙwam. Ƙwam. Ƙwam. Ƙara ce irin ta garwar da babu komai a ciki. Muka leƙa, ba kowa, sai inuwar taraktar ta miƙe har bakin ƙofa. Baba ya ce ƙarfe ne ke hucewa bayan ya sha rana, ya kore mu. To, wane ƙarfe ne ya san Juma'a? Mako na biyu aka sake, na uku ma haka. Umma ta sa aka yi turare, aka kunna karatu. Kuliyoyin unguwa da suka saba kwanciya ƙarƙashinta suka daina shigowa. Ni kuwa ko fitsari ya matse ni, sai na zagaya ta bayan tankin ruwa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne Kaka. Da an idar da la'asar ranar Juma'a sai ta gyara mayafi, ta zauna daf da taga, fuskarta ta yi wani irin haske. Zoben Jaddi na rataye a wuyanta da zare, shi ya sa na zarge ta. Wata Juma'a na ƙi fita, na zauna ina matsa mata ƙafa, idona a kan zoben. Aka buga sau uku a waje. Zoben bai motsa ba, na ga kuma tana murmushi.

Haka muka yi Juma'a shida. A mako na bakwai aka kwana biyu ana sheƙa ruwa, bango na gumi, gishiri ya narke a kwano, kowane ƙarfe a gidan ya yi ja. Kaka ta daɗe tana kallon taraktar ta taga, sannan ta ce in kira mata Baba.

"Ɗan nan, ka zuƙe man, ko?"

Ya ce e, saboda gobara.

"Ubanka ba gaisuwa yake yi ba, ji yake ko a cike take. Tanki in ba mai, iskar teku ke shiga ta zama ruwa, tsatsa ta cinye shi daga ciki. Tun bugun farko na gane." Ta sunkuyar da kai. "Na yi shiru ne don na san ranar da ka cika, ya daina zuwa. Ka yafe mini."

 Baba ya fita ya kwance tankin. Abin da ya tsiyayo jan ruwa ne mai ɓarɓashi, ya kusa cika kwano. Kwana uku yana wanki da busarwa, sannan ya ɗura dizal har wuya.

Juma'ar da ta biyo baya duk gidan muka yi tsit. Dum. Dum. Dum. Ƙasa-ƙasa, a cike. Shi ke nan. Mako ya zagayo Kaka ta gyara mayafi ta zauna bakin taga har aka kira magariba, ba a buga ba. Kukan da ta yi ranar ko a ranar jana'iza ba ta yi irinsa ba.

Da ɗan kafili ya dawo, taraktar ta yi tari sau biyu ta mutu, a na uku ta kama, gwangwanin da Baba ya manta bai cire ba ya yi sama ya faɗa gidan maƙwabta. Ɗan kafili ya ce yalla, a ci gaba da aiki, aka sabunta mana takardu.

Yanzu babu gidan, babu gonar, ni ma a bene nake zaune a unguwar Waziriyya inda ko keke ba wurin ajiyewa. 'Ya'yana in na ba su labarin da Hausa sai su amsa da Larabci cewa ƙarfe ne ke hucewa. Da can na jima ina jin haushin Kaka, na ce saura kaɗan ta sa a kore mu daga ƙasar saboda bugu uku. Bara mijina ya rasu, na yi nawa wata huɗu da kwana goma a ɗaki. Kowace Juma'a bayan la'asar sai in tarar na kashe fanka ina saurare. Sai a lokacin na daina ƙirga makonni shida da ta yi shiru, na fara mamakin inda ta samo ƙarfin yin magana a na bakwai.