Yadda Na Raka Kawu Buba Gyaran Kunci a Kano

Haɗeja zuwa Kano

Ƙarfe biyar na asuba muka bar Haɗeja a bayan lori, ni da Kawu Buba, wanda wutar bandar kifi ta ƙone wa kunci bara har bakinsa ya karkace. Ni aka haɗa shi da ni don ina jin Turanci. Shi ne kuma ya tsaya mini na yi makaranta, ga shi ba ya yafe ƙarya.

Mil goma sha biyu ne zuwa Malam Madori, amma ruwan fadama ya cinye hanya, sai bakwai da rabi muka isa tasha. Jirgin ƙasa daga Nguru ya ɗauke mu da hantsi, muka ci dafaffen rogo a Ringim, muka sauka Kano bayan la'asar.

Kano

Likita Bature ya duba kuncin, ya ce zai yanko fata daga mazaunan Kawu ya ɗinka a wurin. Kawu ya tambaye ni me ya ce. Da wane baki zan ambaci wannan wuri gaban ƙanin uwata? Sai na ce fata ce aka zo da ita daga Ingila. Ya ji daɗi, ya dangwala yatsa a takarda.

Kwana ashirin da uku muka yi, ina sauka wajen wata 'yar garinmu a Fagge. Aka yi aiki, baki ya miƙe sarai. Da ya koka da zafi a baya, na ce wurin allura ne.

Komowa

A tsaye Kawu ya yi tafiyar har Gagarawa, yana ba fasinjoji labarin fatar Ingila. Wani dattijo ya shafa, ya ce lalle kayan Turawa akwai santsi.

Da la'asar muka iso gida. A zaure ya tsayar da ni.

"Hauwa, ban taɓa ganin allurar da ke cin fata faɗin tafin hannu ba. Na san inda aka yanko."

Na durƙusa, na fara kuka, na ce shi ke nan makaranta ta ƙare.

"Tashi. Barebarin kasuwar kifi abokan wasana ne, in suka ji, har in mutu ba zan ɗaga kai a garin nan ba. Fatar Ingila ce. Ko uwarki ta tambaya."

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa likita. Wanda duk ya karanta wannan, don Allah kada ya bi da shi ta kasuwar kifi.