Lambar da ke Hannuna

Ina da tabo a hannun hagu, ƙasa da gwiwar hannu kaɗan, bai fi ƙwayar gyaɗa girma ba. Tabon allurar lamba ne, irin wadda ake yi wa yara. Tun tasowata nake ganinsa, ban taɓa kawowa zai hana ni barci ba, sai shekarar da sojoji suka ce za su mayar da mulki hannun farar hula, aka fara rajistar masu zaɓe.

Lokacin ina buga tafireta a wata ma'aikatar gwamnati a Abuja, muna haya a Suleja, unguwar Hashimi, ni da maigidana da yaranmu biyu, ga cikin na uku ya fara nauyi. 'Yan gari sun karɓe mu hannu bibbiyu, gaskiya, amma da maganar ƙuri'a ta taso sai wasu suka fara ganin mu 'yan haya mun yi yawa.

A harabar makarantar firamare ake rajistar. Da layi ya zo kaina na faɗi sunana, malamin rajistar ya rubuta, ya ce in miƙo babban yatsa a shafa tawada. Ina miƙawa mayafina ya zame. Wani wakilin jam'iyya da ke tsaye a gefen tebur, dogo mai baƙin tabarau, ya sunkuyo har ina jin numfashinsa.

"Madam, tsaya tukuna," in ji shi. Ya juya ga malamin. "Oga, dubi hannunta. Dis wan no bi Najeriya. Lambar Faransa ce."

A ranar na fara jin cewa a Najeriya a damtse ake yin lamba, ƙasashen rainon Faransa kuma a ƙasan gwiwar hannu. Matan da ke bayana suka shiga leƙen hannuna, kowace tana shafa damtsenta ta cikin riga. Malamin ya ba ni kati, amma da aka kafa sunaye a bango sai na ga an ja layi a ƙarƙashin nawa. Wakilin ya shigar da ƙara, wai ni 'yar Nijar ce, sai na bayyana gaban alƙalin da aka turo sauraren irin wannan ƙorafi.

Yadda abin ya faru kuwa ba wani sirri ba ne. Garinmu yana bakin iyaka, arewa da Katsina. Ina ƙarama aka yi wa gwaggona aure a wani ƙauye a tsallake, aka haɗa ta da ni 'yar zaman ɗaki, in ɗebe mata kewa. Ranar wata kasuwa masu allura suka zo, suka tara duk yaran da suka gani, babu mai tambayar na wane ne. Da damina ta faɗi aka dawo da ni gida da tabona.

Maigidana ya ce in bar musu ƙuri'ar mana, me za ta ƙara mana? Ni ƙuri'ar ba ta dame ni ba. Idan alƙali ya rubuta cewa ni ba 'yar ƙasa ba ce, maganar za ta kai ofishinmu, kuma aikin gwamnati na 'yan ƙasa ne. Ban da haka, ina 'yar makaranta a Kano na ga lokacin da aka kori baƙi. Na ga telan layinmu a bayan babbar mota, rungume da kan kekensa, matarsa tana bin motar da gudu. Hoton nan ya dawo mini ya zauna. Ko ƙarar mota na ji a ƙofar gida sai in tashi in leƙa. A ofis na koma sa riga mai dogon hannu, ina buga takarda ina jan hannun rigar. Har na taɓa tsayawa a gaban murhu ina kallon wani garwashi, ina tunanin in ɗora shi a wurin in ce ƙuna ce. Kukan ƙaramin ɗana ne ya dawo da ni hayyacina.

Takardar haihuwa ba ni da ita, a ɗakin kakata aka haife ni. Takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma kuwa, wakilin ya riga ya faɗa a bainar jama'a cewa irinta ko a tasha ana sayarwa. Sai na aika gida a kira mini Yaya, babban wanmu, manomi ne wanda bai taɓa wuce Zariya ba. Ya iso da ƙullin daddawa da kuka, yana ta mitar tsadar mota.

A wani aji aka yi zaman. Alƙalin ya sa na nuna hannuna a gaban maza cike da ɗaki. Wakilin ya yi dogon turanci. Da aka ba Yaya dama, sai kawai ya tuɓe rigarsa gaba ɗaya, ya juya wa alƙali damtsensa.

"Ranka shi daɗe, ga tawa lambar. Wannan ƙanwata ce, ciki guda, nonon da na saki shi ta kama. Kakanmu yana kwance a garinmu, ubanmu ma haka. In ita baƙuwa ce, to a haɗa da ni a motar da za a kore ta."

Wasu suka yi dariya. Ni ban yi ba, domin alƙalin bai yi ba. Ya dube shi, ya dube ni, ya daɗe yana kallon hancinmu iri ɗaya da duk dangi ke yi mana tsiya a kai. Ya sa aka fitar da ni, ya tambayi Yaya sunan kakanmu da unguwarmu. Da aka dawo da ni ya yi mini tambayoyin nan, amsarmu ta zo ɗaya, sai ya ce tabo yana nuna inda aka yi wa yarinya allura ne, doka kuwa iyaye da kakanni take tambaya. Ya ce a bar sunana. Na fito na zauna a gindin mangwaro na yi kuka, Yaya yana tsaye a kaina yana cewa in tashi, ina ba shi kunya.

Na ɗauka tsoron ya tafi ke nan. Bayan 'yan watanni na haifi mace, muka kai ta asibiti a yi mata lamba. Nas ta kama ɗan hannunta tana neman wuri, ban san lokacin da na riƙe wuyan hannun nas ɗin ba.

"Madam, lafiya?"

"Sama," na ce mata. "Don Allah ki ƙara yin sama."