Koinet, Mai Bin Iyaka a Filin da Ba Shinge

Kafin raɓa ta bushe Koinet Ole Musei ya riga ya sha shayinsa, ya yafa jan bargonsa, ya ɗauki sanda ya nufi fili. Ba shanu yake kora ba. Iyaka yake bi, daga wannan dutsen alama zuwa wancan, yana duba ko wani ya haƙa rami, ko an sauke bulo, ko waya ta tsiro inda jiya babu. Aikin da ƙungiyar riƙon amanar ƙasa ta yankinmu, a nan Kajiado kudu da Nairobi, ta ɗora masa ke nan tun gashinsa yana baƙi. Yau ga shi gwiwa ta ƙi, zai ajiye aikin a ƙarshen damina.

Sharaɗin ƙungiyar ba shi da wuyar faɗa. Ƙasarka taka ce, ka yi kiwo, ka bar wa 'ya'yanka gado, ka sayar ma in ka ga dama. Amma da zarar ka dangwala yatsa, ba shinge, ba yankawa fuloti-fuloti, kuma alkawarin yana bin ƙasar ko hannun wa ta faɗa. Dangwala yatsa kowa ya iya. Wanda zai bi ya ga an cika, shi ake yi wa kallon banza a kasuwa.

Mai son sanin abin da Koinet yake tsarewa, ya tsallaka kwalta ya ga ɓangaren da aka sayar. Ƙofofin ƙarfe ne tsaye su kaɗai cikin ciyawa, a garƙame da kwaɗo, ba katanga hagu ba katanga dama. Ga gidaje da labule a taga, ba wanda ya taɓa ganin hayaƙi ya tashi a cikinsu. In iska ta bugi waya, sai ka ji wani nishi kamar na marar lafiya a ɗakin maƙwabta. Lokacin ƙaurar namun daji kuwa, jakunan dawa sukan zo su jeru a jikin wayar, daidai inda hanyarsu ta dā ta bi, su tsaya tsit, ba kiwo ba motsi, har rana ta karkata. Wallahi abin ba kyan gani. Seleina matar Koinet ta ce duk ranar da ya gan su, abincinsa haka yake kwana a kwano.

Mata masu itace sun ga ranar da ya zauna a gaban motar da ta kawo duwatsun gini har direba ya gaji da zagi ya juya. Wannan kowa ya sani. Wanda ya fi ci masa rai shi ne na Parmuat.

Parmuat sa'ansa ne, tare aka yi musu kaciya, tare suka yi zaman daji. Ba sa kiran juna da suna. Tun da Koinet ya ba shi kyautar karsana suna samari, Pakiteng suke ce wa juna, kamar yadda waɗanda saniya ta haɗa suke yi. A wajenmu sa'a ba ya hana sa'a abin da ya roƙa, kuma ana tsoron bakinsa fiye da na uba. Shekarar da fari ya share garken Parmuat, 'ya'yansa suka kawo mai saye daga Nairobi, mai sayen kuma ya ce sai ya ga shinge tukuna.

Wata safiya gajimare ya sauko ya kwanta a kan ciyawa. Koinet yana tafe sai ya hango mutane a jere, dogaye, farare, ba mai motsi. Ya yi gaisuwa, shiru. Ya sake, shiru. Da ya matsa sai ya ga turakun siminti ne, gindinsu ko bushewa bai yi ba. Layin ya miƙe har gindin farar ƙayar da aka kwantar da mahaifin Parmuat a yadda ake yi a dā: a shafe mamaci da kitse a bar wa kuraye, ba kabari. Nan aka kafa turke guda, kuma nan Parmuat yake zaune da ƙwaryar madara.

"Pakiteng, waɗannan baƙin naka fa?" in ji Koinet. "Na gaishe su ba su amsa ba."

"Mutanen birni ne, ba su iya gaisuwa ba. Zauna mu sha."

Koinet bai zauna ba. Ya san in madarar ta shiga bakinsa magana ta ƙare.

"Ka dangwala yatsa ina tsaye, Pakiteng."

"Na dangwala ina da shanu. Je ka leƙa garken, in ka ga abin da ya fi kaza girma ka ɗauka na ba ka." Ya rage murya. "Idonka ai ya tsufa. Wa zai ga laifinka don ba ka gani ba?"

"Shi da ke kwance nan fa?"

"Kuraye sun gama da shi tun muna da haƙora. Kar ka sa mini tsoho cikin magana. Roƙonka nake yi."

"In na wuce naka, gobe da wane baki zan tsayar da na wani?"

Koinet ya juya ya tafi. Ya kai rahoto a ranar, ya roƙi ƙungiya kada a ci tarar Parmuat, kuma shi da kansa ya yi ta tono turakun yana ɗorawa a amalanke. Mai saye ya tafi bai waiwayo ba. Da aka cire na ƙarshe Parmuat ya tashi ya dube shi.

"Ka gama, Koinet?"

Matan da ke wurin suka kama baki. Da ya zage shi ma da ya fi sauƙi. Bayan kwana kaɗan Seleina ta buɗe garke da safe ta tarar da karsana ɗaure a ƙofa, mai farin goshi irin na waccan ta kyauta, daga zuriyarta. Ita kaɗai ce ta tsira daga farin, wadda Parmuat bai ambata ba ran nan, ita ya maido. Har yau tana garkensu, kuma Koinet bai taɓa shan nononta ba.

Kai ne, Koinet, ka biya da abin da ba a sake samu a tsufa. Mu da muke kiwo a wannan ɓangaren, mu da ba mu zama masu gadin ƙofa a filin iyayenmu ba, ribar muka ci muka bar ka da ɗacin. Mun gode, ɗan Musei, mai tafiya shi kaɗai. Matasan da ke rububin aikin nan kuma ku sani, ba ƙafa kawai yake ci ba. Ku koyi tsayuwarsa.

Filin Parmuat yana nan a buɗe, jikokinsa na kiwon awaki a ciki, jakunan dawa na ratsawa. Shi ma yana raye, kullum yana gindin ƙayar. Hanyar iyaka ta nan ta bi, saboda haka duk zagaye sai Koinet ya tsaya daga nesa ya ce, "Pakiteng, ka tashi lafiya?" Shekaru ke nan ba amsa.

Da aka gaya wa Koinet za a yanka masa sa ranar sallama, Seleina ta zaci zai yi murna.

"To yanzu," ya ce, "da wane dalili zan riƙa bi ta wajensa?"