Maganaɗisun Oga Pam

Shekara shida ke nan da muka raka Oga Pam makwancinsa a Daɗin Kowa. Mun yi shekara goma sha ɗaya muna saran itace tare, injin yanka nasa, motar kwasar katako tawa, har daga baya ya koya mini riƙon injin. Ciwon hanta ne ya yi ajalinsa. Na faɗi haka ne domin a sana'armu idan aka ce wane ya rasu, abin da ake fara tambaya shi ne, bishiya ce ko inji? Shi kuwa da yatsunsa goma aka sa shi a akwati, ko tabo babu a fuskarsa.

Ba zan ɓoye ba, a lokacin nawarsa tana ba ni haushi. Mu isa wurin aiki da sanyin safiya, mai gida yana tsaye yana jira, sai Oga Pam ya sami kututture ya zauna. Ya ɗauko magagari ya bi haƙoran sarƙar injin ɗaya bayan ɗaya yana wasawa, ya ja ta da yatsa ya ji ko ta saki, ya gwada burki, ya auna baƙin mai da gwangwanin madara ya zuba a fetur. Ka ce an gama ke nan? Ina. Sai ya shiga gidan ya nemi wanda ya fi kowa tsufa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambaye shi tarihin bishiyar. Ni kuwa ina mota ina danna oda.

Dalilinsa shi ne, yawancin bishiyoyin turaren da ke Jos a kan iyaka aka dasa su. Mutane sun buga musu ƙusa, sun ɗaura waya mai ƙaya, bishiya ta girma ta haɗiye. Idan sarƙa ta ci karo da ƙarfe tana cikin gudu, ko ta tsinke ko injin ya yi tsalle ya dawo wa mutum fuska. Shi ya sa bayan ya ji ta bakin tsoho, yakan zaro maganaɗisun da ya ciro daga tsohuwar rediyo, ɗaure da igiya, ya zagaya jikin bishiyar da shi.

"Malam Sabo, itace ba zai faɗa maka abin da ya haɗiye ba," in ji shi. "Tsoho ne zai faɗa."

Bayan rasuwarsa matarsa ta sayar mini da injin, maganaɗisun kuwa ta ba ni kyauta. Na jefa shi a aljihun mota, ya yi shekara biyu ban taɓa shi ba. Sauri nake yi, kuma ina jin daɗin ana cewa Sabo ba ya ɓata lokaci.

Wata rana a Vom wani mai gini ya kira ni in kayar masa da turare biyar kafin ruwa ya sauko. Na yi wa ta farko alama da adda, na tayar da inji, hular kwano tana can mota. Sai na hangi wata tsohuwa a ƙofar gida tana tsintar acca, ta zuba mini ido. Ban gaishe ta ba. Gaskiya kunya ce ta sa na kashe injin, ba hankali ba.

"Sannu da gida, Mama."

"Yawwa, ɗana. Kai ne za ka sare shi? Mijina ya ɗaura waya a wurin, lokacin muna da shanu. Ba a cire ba."

Na ɗauko maganaɗisun. Ina kai shi kan alamar da na yi, ya manne. Da na ɓare ɓawon da gatari sai ga waya mai ƙaya har layi uku, ta yi tsatsa, daidai tsayin ƙirjina. Na zauna a ƙasa. Tsohuwar ta kawo mini ruwa, ba ta san abin da ya sa nake hawaye ba.

Yau injuna masu araha sun cika gari. Ina ganin masu yanka da silifa a ƙafa, hannu ɗaya a inji, ɗaya a wayar salula. Nakan tambayi kaina me Oga Pam zai ce. Na san ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Magagari zai roƙa, ya zauna ya wasa musu sarƙa har kunya ta kama su. Ni kuwa dariya zai yi mini, domin yanzu ni ake danna wa oda.

Bai bar gida mai bene ba, ba a sa wa titi sunansa ba. Abin da ya bari shi ne mutum ya gai da tsoho kafin ya tayar da inji, kuma na gode masa, na gode wa Allah da ya haɗa ni da shi. Allah ya albarkaci bayansa. Jiya 'yata ta leƙo ina wannan rubutu, ta ce me Oga Pam ya ba ni da nake ta yabonsa haka. Na ajiye biro, na ɗaga mata hannuna biyu, na ce ta ƙirga.